Yayana da Ɗakin Karyayyun Kujeru

Yayana tun asali ba mai yawan magana ba ne, shi ya sa da ya ƙara yin shiru ba kowa ya lura ba. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. Da mahaifinmu ya rasu shi ya ɗauki nauyin karatuna, shi kuma ya saya mini keken ɗinkin da nake ci da shi har yau. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani matarsa ta ba ni, wani kuma shi da kansa ya riƙa gutsuro mini a 'yan shekarun nan, in ya ga dama.

Aikin magani ya koya, aka ɗauke shi a hukumar lafiya, a babban sito inda ake ajiye alluran rigakafin yara kafin a rarraba su asibitoci. A cikin siton akwai ɗakin sanyi mai ƙofa mai kauri, sai ka sa ƙarfi kafin ta buɗu, kuma makullin a hannunsa yake. Ko ana zafin da ke narkar da kwalta za ka gan shi da rigar sanyi mai dogon hannu, mura ba ta rabuwa da shi. Abokan aiki suka laƙaba masa Ƙanƙara, sunan kuwa ya bi shi har gida. Matarsa, wadda nake kira Anti duk da cewa da kaɗan ta girme ni, takan ce ita firji ta aura, in ya dawo daga aiki sai ta shanya shi a rana ya narke kafin ta sami amsar sannu da zuwa. Shi dai sai ya yi murmushi ya ja hanci.

Yana da amini guda, Dogo, mai kula da motocin hukumar da janaretanta. Lokaci ɗaya aka ɗauke su aiki suna samari. Dogo bakinsa ba ya hutawa, Yaya kuma kunne gare shi, sai suka dace. Kullum da safe Dogo ke biyowa ya ɗauke shi a wata tsohuwar mota da sai an tura take tashi, Yaya ne kuma mai turin. Da tsakar rana sukan taru da wasu a rumfar ajiye motoci, a sha shayi, a yi musun ƙwallo. Yaya ba ya musu, shi ake kai wa ƙara, in ya ce wane ne da gaskiya an gama. Matansu ƙawaye ne. 'Yar Yaya ta fari, wadda muke kira Likita tun tana ƙarama saboda ɗaure wa 'yar tsanarta tsumma da take yi a ƙafa, Baffa take ce wa Dogo.

Abin ya faru ne bayan wani dogon hutu. A al'adarsa ko ana hutu sai ya leƙa sito ya taɓa ƙofar nan ya ji sanyinta. Wannan karon Innarmu na kwance a asibiti, jiki ya yi tsanani, shi ke kwana shi ke wuni a wajenta. Ya sanar da Darakta, maigidansa a wurin aiki, kafin a tashi hutu, Darakta ya ce ba komai, Allah ya ba ta lafiya.

Ranar da aka koma aiki ya ja ƙofar ɗakin sanyi, sai ɗumi ya tarbe shi. Ruwa kwance a ƙasa, kwalaye sun jiƙe sun yi laushi. A jikin kowace kwalbar rigakafi akwai wani ɗan tambari da ke canza launi idan zafi ya taɓa maganin. Ya buɗe kwali ya duba, ya buɗe wani, ya matsa can ƙurya ya buɗe na ƙasa. Duk sun yi duhu.

Ya fita neman Dogo, ya same shi a bayan janareta yana goge hannu da tsumma. Dogo bai yarda sun haɗa ido ba. Ya ce wuta ta ɗauke tun farkon hutu, janareta ya yi ɗan aiki ya tsaya, tanki ya bushe. Yaya ya ce ai an cika shi kafin hutu. Dogo ya ce an cika, amma manya ma suna da janareta a gidajensu, kuma shi ba shi da bakin hana motar da aka aiko da jarkoki.

Darakta likita ne, mutum mai fara'a, mai tambayar lafiyar iyali da sunayensu. Ya sauko da kansa, ya duba kwalaben, ya san abin da ya gani fiye da kowa. Ya sa aka kawo mai aka tayar da janareta. Kafin la'asar ɗaki ya koma sanyinsa kamar babu abin da ya faru. Sannan ya kira Yaya ofishinsa ya tuna masa cewa mako mai zuwa za a fara gangamin rigakafi, an sanar a rediyo, an gayyaci baƙi, don haka gobe a fara loda motoci.

"Ranka ya daɗe, maganin ya mutu," in ji Yaya.

"Zai kashe yaro?"

"Ba zai kashe shi ba. Amma ba zai kare shi ba. Uwa za ta goya ɗanta ta koma gida tana ganin ta gama."

"To tunda ba zai kashe kowa ba, ka bar sauran a hannuna."

Yaya ya ce shi dai ba zai buɗe ƙofar a fitar da kayan ba. Darakta bai ɗaga murya ba, ya miƙo hannu kawai ya ce a ba shi makulli. Washegari mataimakin Yaya ne ya buɗe, shi kuma yana tsaye a gefe da rigar sanyinsa yana kallo ana jera kwalaye a motoci. Ya hau bene neman shugaban hukumar, sakatariya ta ce yana taro. Ya koma, yana taro. Ya sake komawa, ya yi tafiya. A gida ya kasa cin abinci. Anti ta ce masa ya faɗi nasa, Allah ya gani, ya bar wa masu abin abinsu. Ya ce to.

Ranar buɗe gangamin aka cika babban zauren hukumar, ga manya daga ma'aikata, ga 'yan kwamitin sa ido, ga masu ɗaukar hoto. Yaya na can baya, da kwalba ɗaya a aljihu, wadda ya tsinta a ƙasa ranar da ake lodi. Ya ce mini har aka kusa tashi bai san zai miƙe ba. Da aka gama jawabai mai gabatarwa ya tambaya ko akwai mai magana, irin tambayar da ake yi ana tattara takardu. Sai ya ga kansa a tsaye. Ya ratsa tsakiyar kujeru har gaban babban tebur, ya ajiye kwalbar a gaban shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai tabarau, ya ce ta dubi tambarin, duk abin da aka loda haka yake. Muryarsa ba ta fita sosai ba, amma makirufo na kusa, kowa ya ji.

A ranar aka bi motoci da waya. Na kusa suka juyo. Waɗanda suka yi nisa sun riga sun sauke kaya, aka ce za a bi a tattaro, bai taɓa sanin ko an tattaro duka ba. Aka ɗage gangamin sai da sabon magani ya iso bayan watanni.

Da aka tashi aiki ranar taron, Yaya ya je rumfar motoci ya tsaya inda ya saba jiran Dogo. Ya daɗe a tsaye kafin ya lura motar ba ta nan. Ya taka zuwa bakin titi ya hau bas.

Ba a yi mako ba aka kafa kwamitin bincike, amma a kansa. Aka tuhume shi da sakaci, tunda shi ke riƙe da makulli. Aka tuhume shi da zubar da mutuncin hukuma a gaban baƙi, da yin magana ba izini. Har da satar kayan gwamnati, wato kwalbar nan guda. Da Anti ta ji wannan ta yi dariya har da hawaye, daga nan dariyar ta tsaya hawayen suka ci gaba.

Aka kira Dogo shaida. Yaya na zaune a gefe, tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba. Dogo ya ce tanki a cike yake, inji ne ya sami matsala, kuma da mai makulli ya leƙo cikin hutu kamar yadda ya saba da an gane da wuri. Maganar farko ƙarya ce, kowa a ɗakin ya sani. Ta biyun ce ta zauna wa Yaya a ƙirji, domin akwai gaskiya a cikinta. Darakta kuma ya ce shi bai tuna an nemi izini a wurinsa ba. Na sha ce wa Yaya Inna yake jinya, babu mai hankalin da zai ga laifinsa. Yakan ce ya sani. Amma ban ga alamar sanin ya sauƙaƙa masa komai ba.

Kwamitin bai taɓa fitar da sakamako ba. Kora tana bukatar hukunci, hukunci kuma zai ja a buɗe maganar mai, babu mai son haka. Sai aka yi masa canjin wurin aiki zuwa sashen kayan da aka daina amfani da su. Sashen ɗaki ɗaya ne a ƙarshen wani dogon lungu a bayan ginin, bayan an wuce banɗakuna. Taga ɗaya gare shi, can sama, tana kallon katanga. An tara karyayyun kujeru har kusa da silin, ga tsofaffin keken rubutu, ga fankoki marasa fuka-fuki, ga wani katafaren agogon bango da ya tsaya. Aka share masa kusurwa aka sa tebur. Dokar ita ce ya zo kan lokaci, ya sa hannu, ya zauna, ya tashi kan lokaci. Aiki babu. Ko takardar sanarwa masinja ya daina kawo masa.

A makon farko ya je rumfar shayi kamar kullum. Yana zama sai wannan ya tuna an aike shi, wancan ya ce waya ake kiransa. Kafin shayinsa ya huce ya rage shi kaɗai da benci. Dogo tun da ya hango shi ya zagaya ta bayan motoci. Daga ranar Anti ta riƙa zuba masa shayi a filas.

Ya ce mini mutanen ba mugaye ba ne, tsoro ne. In ya haɗu da mutum su biyu a wajen famfo, sai mutumin ya waiga hagu da dama ya ce masa a hankali Allah ya saka masa, abin da ya yi daidai ne. Bayan awa guda su haɗu a baranda gaban jama'a, mutumin nan ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Sai ya zamana ya fi son a wuce shi kawai da a yi masa irin wannan raɗa. Masu gaishe shi a fili biyu ne, maigadi da wata mai shara, su kuwa babu abin da za a ƙwace musu. Aka yi ƙarin girma ba sunansa. Aka tura mutane kwas ba sunansa. Mataimakinsa, wanda shi ya koya masa yadda ake jera kwali, ya wuce shi.

A gida ma abin ya taɓa. Matar Dogo ta ɗauke ƙafa, in sun haɗu da Anti a kasuwa sai gaisuwar nesa. Anti ta tsaya wa mijinta a waje, duk wanda ya kawo mata maganar banza sai ta wanke shi tas. Amma a cikin ɗaki haushinsa take ji, ba ta kuma ɓoye ba. Takan ce mutum kamar ba ya iya kashe sauro, ashe ajiyar rigima yake yi ta shekaru ya juye ta rana ɗaya. In ta faɗa sai ta tura masa abinci gabansa ta ce ya ci.

Dangi suka ce a nemi sulhu. Kawunmu, ƙanen Inna, mutum ne mai shiga wurare, ya bi ta hannun wani ya samo musu ganin Darakta a gidansa. Ya sa Yaya ya yi wanka ya sa manyan kaya, suka je. Darakta ya karɓe su hannu bibbiyu, ya tambayi jikin Inna, ya sa aka kawo lemo. Ya ce shi ba ya riƙo. Abu ɗaya kawai yake so, a taron ma'aikata Yaya ya tashi ya ce bai duba da kyau ba, rashin lafiyar mahaifiya ce ta ruɗa shi. In ya faɗi haka, makullinsa na nan yana jiransa. Kawu ya ce ai wannan mai sauƙi ne, ya zunguri Yaya da gwiwa.

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, in haƙuri ne na yin magana a gaban baƙi, zan bayar yanzu, har ƙasa. Amma na duba da kyau. Maganin ya mutu."

Darakta ya yi murmushi ya ce su sha lemonsu. Da suka zo rabuwa a hanya Kawu ya ce shi ya zubar da girmansa a banza, kada a sake kiransa kan wannan magana. Ya fi shekara ba ya amsa gaisuwar Yaya da kyau.

Inna ta rasu a cikin shekara ta biyu. Daga hukumar da ya yi wa aiki tun yana saurayi, maigadi da mai shara ne suka zo gaisuwa. Dogo ya zo, amma ya daidaici lokacin da ya san Yaya ya fita, ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi wa Anti ta'aziyya ya juya.

Bayan rasuwar ne Yaya ya fara taɓa kujerun. Ya ce wata rana ya gaji da kallon bango, ya janyo wata mai karyayyar ƙafa ya juya ta, ya ga abin da ke damunta bai taka kara ya karya ba. Washegari ya zo da guduma da ƙusoshi da gam a jakarsa. Bai taɓa aikin katako ba, ta farko ya ɓata ta, ta biyu ta tsaya tana ɗingishi. A hankali hannu ya faɗa. Yakan ciri ƙafar wannan ya sa wa waccan, ya zo wurina ya karɓi ragowar yadi da soso ya sake wa wasu mazauni. In ya gama sai ya goge ta ya fitar da ita lungu ya jingine. Ba ya jimawa sai ya tarar babu ita. Ba a taɓa ɗauka yana nan ba, sai ya fita salla ko ya zaga. Ya ce mini da haka ya gane ashe mutane na zuwa har bakin ƙofarsa.

Shekaru suka tafi. Darakta ya sami ƙarin girma ya koma wata ma'aikata, aka yi masa liyafa a zauren nan, Yaya na jin tafi daga ɗakinsa. Da aka ce sabon Darakta zai zaga ofisoshi, ran Yaya ya ɗan motsa. Ban taɓa ganin ya damu da gugar tufafi ba sai ranar. Ya share ɗaki, ya ɓoye guduma a aljihun tebur, ya shirya abin da zai faɗa a taƙaice. Sai wajen azahar ya ji takun mutane a lungu. Aka turo ƙofa, sabon Darakta ya leƙo, matashi ne, ya dubi tarin kujeru da garin katako a ƙasa, ya ce, "Kai ne kafintanmu?"

Yaya ya buɗe baki ya fara cewa a da shi ne mai kula da ɗakin sanyi. Wani daga cikin masu rakiya ya ce doguwar magana ce, ranka ya daɗe, za a yi maka bayani a ofis. Sabon Darakta ya ce madalla, a ci gaba da ƙoƙari. Aka ja ƙofa.

Daga nan ya daina jira. Waɗanda suka san abin da ya faru suna ta ritaya, ana ɗaukar sababbi da ba su san komai ba. Su a wurinsu Baba Kafinta ne. Suna gaishe shi da fara'a, suna kawo masa kujera ko aljihun tebur da ya maƙale, wata ma ta taɓa tambayarsa ko yana yin gadon yara. Bai gyara musu ba. Ya ce aƙalla suna shigowa har ciki, wani ma yakan zauna kafin a gama masa.

Abin da ya fi yi masa ciwo daga gida ya fito. Likita ta girma ta karanci aikin jinya, ta fito da sakamako mai kyau. Hukumar ta buɗe ɗaukar ma'aikata, ta nema, ta ci jarrabawa, aka kira ta ganawa. Cikin masu ganawar akwai wani tsohon hannu, ya dubi sunan mahaifinta ya tambaye ta ko ita 'yar Ƙanƙara ce. Ta ce eh. Ya ce Allah sarki, ya rufe fayil. Da sunaye suka fito babu nata, ga na waɗanda ta fi.

Ina gidan ranar, na kawo wa Anti ɗinki. Yarinyar ta shigo ta tsaya a kan Yaya yana zaune a tsakar gida, ba ta ko ajiye jaka ba. Yarinya ce mai ladabi, ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Baba, yaran da ka ceta ɗin nan, suna ina? Ka nuna mini ko guda ɗaya in gan shi."

Anti ta daka mata tsawa. Yaya ya ɗaga hannu ya ce a bar ta.

"Ba zan iya nuna miki ba," ya ce. "Yaron da bai kamu ba, ba a gane shi. Shi ma bai sani ba."

Ta shige ɗaki. Shi kuma ya zauna a wurin har aka kira magariba. Daga baya ta ba shi haƙuri ta bakin uwarta, ta sami aiki a wani asibiti a gari mai nisa, ta yi aure a can. Suna waya, tana yi masa aike, amma hirarsu ba ta wuce ya jiki ya yara. Tambayar tata kuwa ba sabuwa ba ce a wurinsa. Anti ta ce in ana labarai aka ambaci ɓarkewar ƙyanda a wani yanki, sai ya matso da rediyo kunnensa ya ji ko cikin wuraren da motocin nan suka riga suka sauke kaya ne. Wani lokaci kuma tun kafin a faɗi sunan wurin yake kashewa.

Ritayarsa ta zo ba wanda ya tuna. Shi ya je ofishin ma'aikata ya tuna musu, aka sha wahala kafin a gano fayil ɗinsa. Ba a yi taro ba. Ranar ƙarshe ya share ɗakin, ya kwashe kayan aikinsa a jaka, ya kulle, ya zaga neman wanda zai karɓi makulli. Kowa ya ce ba sashensa ba ne. Ya bar wa maigadi, wani sabo, domin tsohon ya rasu.

Bayan ritaya da kamar shekara aka ce Dogo ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Yaya ya sa takalmi ya ce zai je asibiti. Anti ta tare ƙofa ta ce in ya je bai san ciwon kansa ba, mutumin da ya tsaya a gaban jama'a ya yi masa ƙarya, ya kasa ko haɗa ido da shi ranar mutuwar uwarsa. Yaya ya ce duk ya sani. Ya ce amma duk garin nan babu sauran wanda ya san shi tun yana saurayi sai Dogo. Ta matsa masa ya wuce.

Ya tarar da shi ya rame, tsawon nan duk ya zama ƙashi a kan gado. Dogo na ganinsa ya fara ƙoƙarin magana, ba ta fita, sai yawu da hawaye. Yaya ya ja kujera ya zauna, ya goge masa baki, ya shiga ba shi labarin ƙwallon da aka buga a makon, wa ya ci wa aka kora, shi da bai taɓa doguwar magana a kan ƙwallo ba. Dogo ya riƙe masa hannu da hannunsa mai lafiya har lokacin ziyara ya ƙare. Ba su taɓo tsohuwar magana ba, babu ma bakin taɓo ta. Kafin Yaya ya sake komawa, 'ya'yan Dogo sun ɗauke shi zuwa garin da babban ɗansa yake aiki. A can ya rasu.

Yanzu Yaya na gida shi da Anti, yara duk sun watse. Hawan jini ya kama shi, yana shan magani. Bai iya zaman majalisa ba, in maƙwabta sun ja shi sai ya zauna a bakin benci ya yi ta sauraro, da an ɗan jima ya ce bari ya leƙa gida. Anti ta ce wani lokaci sai ta wuni ba ta ji muryarsa ba, har ta leƙa ta ga ko yana numfashi, ta same shi zaune ido biyu, hannuwa a kan gwiwa, kamar mai jiran a kira shi.

Nakan rufe shago da wuri ranar Asabar in je. Anti ta yi ta zuba, ni ina tayawa, shi yana gefe yana jin mu. In na tsokane shi na ce Yaya ko kuɗi ake biya kafin ka yi magana in biya, sai ya ce ai ku biyu kun ishi gidan. Wani lokaci in Anti ta shiga kicin sai ya ɗan faɗa mini wani abu na shekarun nan, jimla biyu ko uku, ba tare da na tambaya ba, ya kuma tsaya a tsakiya in ya ji tahowarta.

In na tashi tafiya ba ya yarda in fita ni kaɗai, ko da rana tsaka ne. Yakan karɓi jakata ya riƙe, mu taka a hankali har bakin titi. Ya tsayar mini da bas, ya leƙa ya ga na sami wurin zama, ya ce in gaida yara. Bas ɗin kan daɗe yana jiran cika, ni kuma in ce masa ya koma, rana na dukansa. Sai ya ce to, ya ci gaba da tsayuwa. Ranar Asabar da ta wuce da muka tashi na waiga ta gilashin baya, na gan shi ya juya ya nufi gida, yana tafe a gefen kwalta, yana kauce wa masu babur.